Zaituna Mai Kifi da Ɗan da Ya Zauna a Cikinta

Zaituna, Allah ya jiƙanta da rahama, ba ta taɓa ganin fuskar mahaifiyarta ba, ko a hoto. Amma tun kafin ta iya ɗaura zane ta san yadda matar ta rasu, domin a ƙauye ba a gaya wa yaro irin wannan magana, sai dai a yi ta a bayansa da muryar da zai ji. A wata 'yar unguwa aka haife ta bayan Wurma, cikin Fulanin nan da suka daɗe da zama suka haɗa kiwo da noma, har fillancin ya kusa ɓace musu a baki. Da ƙafa ta zo duniya. Ƙafafu suka fito, gangar jiki ta biyo, kai ya tsaya. Kafin a raba uwa da ɗiya, jini ya ƙare wa Rahamatu. Ruwan da aka ɗora don wankan jego, shi aka sirka aka yi wa gawarta wanka.

Gwaggo Nana, yayar mahaifinta, ita ta ɗauki jaririyar. A lokacin mijinta bai daɗe da rasuwa ba, ta dawo gida ba ɗa ba jika. Da madarar saniya ta raine ta, tana ɗiga mata da ƙaramin ludayi, tana goye da ita wajen tatsa da wajen daka, har mata suna yi mata tsiya wai goyon ya manne mata a baya. Mahaifinta Malam Mamuda, wanda take kira Baffa, mutum ne mai shiru. Zaituna ɗiyar fari ce, don haka alkunya ta hana shi kiran sunanta, ta hana shi zama hira da ita. In yana son ruwa sai ya ce, "A ce wa yarinyar nan ta kawo ruwa," ko da tana tsugune a gabansa. Ta san yana sonta. Duk ranar kasuwa sai ta tarar da rake ko alewa a bakin ɗakin Gwaggo, ba wanda zai ce ga mai ajiyewa. Sunan Rahamatu kuwa ba mai ambatonsa a gidan.

A bakin rijiya ta fara jin sa. Sun yi faɗa da wata yarinya a kan guga, yarinyar ta ce, "Ke da kika shure Rahamatu har lahira, ni za ki yi wa baki?" Zaituna ta kifa mata gugan ruwa a ka, ta koma gida ba ta yi kuka ba. Sai dai daga ranar ta fara lura da abin da ba ta lura da shi a da: in ta shiga gidan da ake da mai tsohon ciki, sai wata tsohuwa ta sami dalilin aikenta waje.

Duk da haka ba ta tashi mai ƙunci ba. Wanda ya san ta ya san dariyarta, da wushiryarta, da bakin nan nata da ba ya barin bashi. Ta gama firamare a Wurma ta yi Islamiyya. Munzali, ɗan Dutsin-Ma da ke kamun kifi a dam ɗin Zobe, yana kai kifi kasuwar Wurma a kan babur, shi ya gan ta ya tsayar da ita. Ta toshe hanci ta ce, "Malam, kai ne ko kayanka?" Ya ce, "Mu duka ne, sai ki saba." Ta kuwa saba.

A Dutsin-Ma suka kama ɗaki a gidan haya, katangarsu ɗaya da Hasana mai kunun aya, gajerar katanga da ake miƙa gishiri da gulma ta kanta. Nan abotarsu ta ƙullu. Munzali ya kawo karfasa da tarwaɗa daga Zobe, Zaituna ta gyara ta wanke da lemon tsami, la'asar na yi ta kafa kasko a ƙofar gida. 'Yan jami'a da masu Keke har layi suke yi. Wani ɗalibi ya ce, "Anti, don Allah a yi mani gyara." Ta ce, "Jiya ma gyara, yau ma gyara, kai kuwa yaushe za ka gyaru? Miƙo takardar, bawan Allah, kada uwarka ta ce mun bar ka da yunwa a garinmu." Ba ta taɓa korar yaron da ya tsaya yana kallon kasko ba.

Shekaru suka yi ta wucewa ba ciki. Dangi suna kawo jiƙe-jiƙe, tana karɓa da hannu biyu, in sun tafi ta zuba a gindin zogale. Hasana kaɗai ta gaya wa gaskiya. Ta ce, "Ni fa, ƙawata, duk watan da na ga al'ada, da safe in yi baƙin ciki, kafin azahar in ji kamar an sauke mani kaya. Allah ya yafe mani."

Da cikin ya zo, ya zo da sauƙi, ko laulayi ba ta yi sosai ba. Tana zuwa awo ba fashi. Ya shiga wata na takwas ne malamar asibiti ta daɗe tana laluben cikin, ta danna ƙasa, ta danna sama, sannan ta tura ta hoto. Da ta dawo da sakamakon, malamar ta zaunar da ita.

"Baiwar Allah, ɗan naki a zaune yake. Kansa na sama, ɗuwawu da ƙafafu na ƙasa. Kada ki tayar da hankalinki, da yawa suna juyawa da kansu kafin lokaci. In bai juya ba, nan za ki haihu a gabanmu, in ta kama a yi aiki sai a yi. Kina ji na? Nan, ba gida ba."

"Da ƙafa zai zo kenan," in ji Zaituna.

"In bai juya ba."

Malamar ta kama hannunta ta ɗora ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama. Ta ji wani abu zagayayye mai tauri, kamar ƙaramin ƙoƙo. "Kin ji? Kan kenan."

Ranar ba ta kafa kasko ba. Washegari ta kafa, ta yi dariya da masu saye kamar kullum, amma hannunta na hagu ya koyi wata sabuwar hanya: da ta ajiye matsami sai ya tafi ƙarƙashin haƙarƙari ya duba. Ƙoƙon yana nan. In yaron ya yi shuri, can ƙasa take ji, a mara, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da ƙafa.

A kwanakin ne ta fara jin mutum a bayanta. Ba dare ba, rana tsaka, tana gyaran kifi ko tana shanya. Ba ta ganin kowa, ba ta jin magana, kawai dai ta san akwai mace tsaye tana kallon ƙeyarta. Ta taɓa ɗaukar madubi ta zauna tana cire kamannin Baffa daga fuskarta ɗaya bayan ɗaya: hancin nasa ne, goshin nasa ne. Abin da ya rage, idanu da wushirya, ta ce to wannan na Rahamatu ne. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne da ta lissafa ta ga yanzu ta girmi mahaifiyarta. Ta ce wa Hasana, "Yarinya ce fa. Da tana nan a yadda ta tafi, Yaya za ta ce mani. Ita ba wanda ya gaya mata komai, ba hoto, ba awo. Durƙusawa kawai ta yi tana jiran kai, sai ga ƙafata."

"Ke, bari wannan magana. Ke ga asibiti nan a bayan gidanki."

"Ba mutuwar nake tsoro ba, Hasana. Ɗan nan nake tsoron ya tashi yana neman fuskata a madubi."

Ta yi duk abin da aka ce mata. Ta sha rubutu, ta daɗe a sujada tana barin cikin ya rataya, ta yi ta tafiya da sassafe har bakin kasuwa ta dawo. Munzali yakan durƙusa ya kai baki kusa da cikin ya ce, "Kai, malam mai kujera, ko tarwaɗa ta san kai ake sawa gaba. Juya mana." Ta yi dariya ta ture shi. Yaron bai juya ba.

Ana nan Gwaggo Nana ta iso daga ƙauye da ƙwaryar man shanu, ta zo ɗaukar ɗiyarta goyon ciki. Al'ada ce da ba ta buƙatar bayani: haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, uwa ta kula da ɗiya har ta gama wanka. Munzali ɗan gari ne, bai iya zagaye-zagayen Fulani ba. Bayan gaisuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, akwai magana. Likita sun ce yaron a zaune yake, da ƙafa zai zo. Sun ce a asibiti za ta haihu."

Zaituna tana daga cikin ɗaki, ta ga bayan tsohuwar ya sandare. Gwaggo ta miƙe. Ta gyara lulluɓi ta fita. Kafin la'asar ta dawo da Inna Batula, wata tsohuwar ungozoma da aka sani da gyaran ciki. Aka shimfiɗa tabarma, Inna Batula ta shafa man kaɗanya a tafin hannu, ta yi bismilla, ta kama cikin da hannu biyu tana turawa a hankali kamar mai juya tulu cike da ruwa. Zaituna ta cije gefen zane. Can ta ji duk cikinta ya motsa gaba ɗaya, numfashinta ya ɗauke, ya dawo. Ta kai hannu ƙarƙashin haƙarƙari. Wurin ya yi laushi.

Da ta koma awo, malamar ta tabbatar kai ya koma ƙasa. Ta yi mata faɗa sosai a kan bari a taɓa ciki a gida, ta ce Allah ne ya tsare. Ta kuma ce, "Wanda ya juya yana iya komawa. Ki zauna kusa." Amma wa zai gaya wa Gwaggo haka? Tsohuwar ta riga ta soya waina ta raba wa yaran unguwa sadaka. Da Munzali ya fara kame-kame, sai ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, ban haife ta ba, na sani. Ba sai ka tuna mani ba. Amma ni na goya ta. In don ba ni ce uwarta ba za a hana ni goyon cikinta, to a faɗa mani in tafi." Zaituna da kanta ta fito ta haɗa kayanta. Ba za ta iya barin wannan magana ta kwana a zuciyar matar da ta ɗiga mata madara ba. Suka yi da Munzali cewa da ta ji wani abu za ta buga masa waya, ya zo da mota.

Wannan kuwa shekarar ce da aka katse layukan waya a ƙananan hukumominmu saboda 'yan bindiga. Ba ta daɗe da isa ƙauye ba aka wayi gari wayoyi sun zama fitilu. Fetur ya yi wuya, baburan da ke shiga ƙauyuka suka ragu, mutane suka rage tafiya sai ta dole. Saƙo ya koma bakin matafiyi.

Gwaggo tana tattalinta kamar ƙwai. Fura da nono mai kyau, tuwon dawa da man shanu, an tara itacen wankan jego a bayan ɗaki har ya fi tsayin mutum. Sai dai a gidan ba a maganar cikin. Cikin fari abin kunya ne, mai shi kan yi kamar ba ta san da shi ba, manya su yi kamar ba su gani ba. In Baffa ya shigo, Zaituna takan ja mayafi ta juya baya. Matan gidan kuma suna alfahari da abu ɗaya: ba a jin naƙudarsu. Mace ta shiga ɗaki ita kaɗai ta durƙusa ta daure, sai kukan jariri ya sanar da gida, sannan a kira ungozoma ta yanke cibi.

Wani hantsi tana tsince wake a gindin ɗorawa, ta sunkuya ɗaukar faifai, sai ta ji irin motsin nan, na tulu da ruwa. Ta daɗe a sunkuye ba ta ɗago ba. Da ta ɗago, ta ƙi kai hannu wurin. Ta gama tsintar wake, ta yi azahar, ta ci abinci. Sai da yaron ya fara shaƙuwa, ta ji 'yar zabura-zaburar can sama ƙarƙashin haƙarƙari, sannan ta taɓa. Ƙoƙon ya dawo. A daidai lokacin ta ji matar nan ta dawo ta tsaya a bayanta, kusa fiye da yadda take tsayawa a Dutsin-Ma. Nan gidanta ne. Ɗakin da aka shirya wa Zaituna ta haihu, ta daɗe da sanin ko na wa ne.

Ta sami Gwaggo tana kaɗa nono. Ta tsuguna ta ce, "Gwaggo, abin nan da Inna Batula ta gyara..."

"An gyara, an gama."

"Ina jin kamar ya..."

Gwaggo ta ajiye maburgi. "Ke, Zaituna. A gidan nan? Da bakinki? Kada ki kira mana abin da ya wuce. Na yi sadaka, na yi addu'a, Allah ya karɓa. Tsoro ne irin na cikin fari, kowa ta yi shi. Tashi ki sha fura."

Zaituna ta ga idanun tsohuwar, ta gane ba rashin yarda ba ne. Gwaggo ce ta riƙe Rahamatu a wancan ɗakin, kuma ta tsufa tana ganin in ba a ambaci abu ba, ba zai san hanyar gidan ba. Zaituna ta tashi ta sha furar.

Ta ba wani mai zuwa kasuwa saƙo ya gaya wa Munzali mai kifi ana nemansa. Ba ta iya faɗa wa namiji dalili ba, don haka saƙon ya isa a matsayin gaisuwa. Munzali ya aiko da busasshen kifi da cewa yana nan tafe in an kwana biyu. A lissafinsa akwai sauran lokaci.

Naƙuda ba ta jira lissafi ba. Ta fara mata a hankali, ciwon baya yana zuwa yana tafiya, ta daure ta yi shiru kamar yadda aka koya mata, tana ce wa kanta ƙila ba ita ba ce. Ta wuni da shi ta kwana da shi. Washegari da hantsi faya ta fashe. Gwaggo ta gani, ta kama hannunta ta kai ta ƙofar ɗakin, ta ce a hankali, "Shiga, ɗiyata. Ki daure. Ina nan wajen wuta." Ta juya ta tafi ɗora ruwa.

Zaituna ta tsaya a bakin ƙofa. An share ɗakin, an baza sabon yashi, ga 'yar kujerar durƙuso a tsakiya. Ta dubi kujerar. Daga baya ta ce wa Hasana a lokacin ne kaɗai ta ji kamar matar ba a bayanta take ba, a gabanta take, ta tare ƙofa. Ba ta shiga ba. Ta zagaya ta bayan rumbu, ta keta ta cikin dawa, tana tafiya tana tsayawa tana riƙe kara har ciwon ya lafa.

Baffa yana gona yana girbin gero. Ya ɗago ya ga ɗiyarsa ta fari ba mayafi, zane jiƙe, tana tahowa. Ya kawar da kai kamar yadda ya saba. Ta zo gabansa ta tsaya, ba ta ma iya tsugunawa ba.

"Baffa, ka yafe mani, zan yi rashin kunya. Naƙuda nake yi. Yaron a zaune yake, ya koma. Da ƙafa zai zo, kamar yadda na zo. In na shiga ɗakin nan ba zan fito ba. Ka kai ni asibiti."

Magirbin ya faɗi daga hannunsa. Ya dube ta sosai, ido cikin ido, abin da ba ta tuna ya taɓa yi ba. Ya ce, "Zaituna." Sai kuma ya juya da gudu, dattijo mai furfura, yana ƙwala wa maƙwabcin gona kira a kawo shanu.

A amalanken shanu aka fitar da ita, bisa dammunan geron da aka shimfiɗa wa bargo. Gwaggo ta biyo su ba takalmi, ta hau ta rungume kan Zaituna, tana ta salati, ba ta ce don me ba. Baffa da bai taɓa dukan shanunsa ba, ranar ya dake su. Suna kan hanya Gwaggo ta ɗaga zanen ta duba, ta mayar da sauri, ta ce wa ƙanenta, "Mamuda, ƙara sauri." A bakin titi suka daɗe kafin wata bas ta tsaya. Fasinjojin kujerar baya suka sauka da kansu suka ba su wuri.

An shiga da ita aiki tana isa. Wani mai Keke da ya san kaskonta ya tafi har Zobe ya ɗauko Munzali. Aka ciro yaro namiji, ya yi shuɗi, aka yi ta fama da shi har ya tsanyara kuka. Ita kuwa ta galabaita, jini ya zuba da yawa. Munzali ya bayar da nasa, masu Keke suka bayar, har ɗalibin nan mai neman gyara ya zo ya miƙa hannu. Ta farfaɗo. Ta ga ɗanta, ta kama 'yan ƙafafunsa biyu a tafin hannu ɗaya ta ce, "To, ga su nan, masu gardama." Ta ba shi nono. Duk muka ce an tsallake.

A kwanakin da ta yi a gadon nan ne ta ba Hasana labarin duk abin da ya faru a ƙauye. A nan ne kuma, wata la'asar, Baffa ya shigo ya zauna a bakin gadon, ba a ƙofa ba. Ta ce, "Baffa, yaya take?" Bai tambayi wa take nufi ba, ya san Rahamatu ce. Ya ce, "Gajera ce. Ba ta iya daka ba, sai surutu. Tana tsoron kwaɗo." Zaituna ta yi dariya har ɗinkin ya yi mata zafi. Ya ci gaba, yana magana yana kallon hularsa da ke hannunsa, har aka kira magariba. Da ya fita ta ce wa Hasana bayanta ya yi mata sakayau, ba kowa.

Zazzaɓi ya shigo daga baya. Likitoci suka yi iya yinsu. An raɗa wa yaro suna Talha tana da rai, an kawo mata shi da kwalli a ido ta gani, ta ce ya yi kama da mai kifi, Allah ya sa dai kada ya gaji warin. Ba ta ƙara kwanaki da yawa ba. Da rana ta cika, Gwaggo na riƙe da hannunta, yaron na barci a gefenta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Talha yana hannun Gwaggo Nana. Ta sake ɗaukar goyo da tsufanta, sai dai wannan karon a Dutsin-Ma, a ɗakin da Munzali ya kama mata, don ta ce ba za ta raba ɗa da ubansa ba. Yanzu yana gudu, yana hawa katangar Hasana, yana da baki. In aka tambaye shi ina mamarsa, yakan ce, "Zaituna mai kifi ce, ta tafi wurin Allah, kuma ta fi kowa iya suya." Gwaggo ce ta koya masa.

Tsohuwar ta canza ta wata hanya da mutanen ƙauye har yau ba su saba da ita ba. Duk sa'ad da ta je gida biki ko gaisuwa, in ta hangi yarinya da tsohon ciki, ko ta wane gida ce, ko a gaban wa, sai ta taka har wurinta ta ɗora mata hannu ƙarƙashin haƙarƙari ta ce, "Ina kan yake? Ina kike jin shuri? Buɗe baki ki gaya mani." Yarinya ta rufe fuska, surukai su ɓata rai, wasu su ce tsufa ya fara taɓa Nana, ta zubar da kunyar Fulani. Ba ta kula su. Takan tsaya nan, hannunta a kan cikin, ba ta ɗagawa sai an ba ta amsa.

Allah ya haskaka kabarin Zaituna, ya sada ta da mahaifiyarta a inuwa mai sanyi, ya raya mana Talha.